Me za mu kira BODMAS da Hausa?

Assalamu alaikum, malamai 'yan uwana na Katsina da Daura. Tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa duk sun zauna daram a bakin yaranmu, amma ƙa'idar da ke faɗa musu wanda za su fara yi idan ayyukan suka haɗu a layi ɗaya har yanzu BODMAS muke ce mata, 'yan Amurka kuma PEMDAS. Na ji wasunmu suna cewa "jerin lissafi", wasu "tsarin lissafi", kuma ina ganin duka biyun suna da matsala.

"Tsarin lissafi" ya yi faɗi, domin har jadawalin sau yana iya shiga ciki. "Jerin lissafi" kuwa ya gaji babban aibin BODMAS, wato nuna wa yaro cewa ayyukan a layi suke, kowane a bayan ɗan uwansa. A ba ɗalibi 10 − 4 + 3, sai ya tuna cewa a cikin BODMAS harafin tarawa (A) ya riga na ɗebewa (S), ya haɗa 4 da 3, ya cire 7 daga 10, ya rubuta 3, alhali amsar 9 ce. Yaron bai yi sakaci ba, haddar da muka ba shi ya bi. Tarawa da ɗebewa darajarsu ɗaya, haka ninkawa da rabawa, kuma idan masu daraja ɗaya suka haɗu, daga hagu ake somawa a nufi dama.

Saboda haka nake ba da shawarar "ƙa'idar sahu". Duk yaron da ya taɓa shiga masallaci ya san mutane da yawa suna tsayawa a sahu guda ba tare da wani ya gota wani ba. Abin da ke cikin baka biyu, wato ( ), shi ne sahun gaba, ninkawa da rabawa su bi baya kafaɗa da kafaɗa, tarawa da ɗebewa su zo ƙarshe. Idan aka fara lambobi masu ƙaramin adadi a ka, irin 3², sai a buɗe musu sahu tsakanin na farko da na biyu, sunan bai canza ba. Batun hagu dai dole a riƙa faɗinsa da baki, domin yawancin ɗalibanmu a allo suka fara karatu, daga dama.

Wata malama daga Dutsin-Ma ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira, na karɓi sunan, amma da sharaɗi. Takardun NECO da WAEC da Turanci suke zuwa, don haka kada mu ɓoye wa yara BODMAS, a rubuta shi a allo hawa-hawa, D da M (rabawa da ninkawa) a layi ɗaya, A da S (tarawa da ɗebewa) a ƙarƙashinsu. Sannan dalilin sahun ya fi sunansa muhimmanci. Wanda ya sayi mudu 3 na gero a kan naira 1,500 kowane, ya ba ɗan dako 500, ya san kuɗinsa 5,000 ne ko da an rubuta masa 500 + 3 × 1,500, domin ba zai taɓa haɗa kuɗin dako da yawan mudu ba. Ƙaramar kalkuletar kanti kuwa, da aka danna mata haka, 754,500 za ta nuna.

Amsata:

Na amince da sharaɗin, Malama. Ina ƙara roƙon masu tsara jarrabawa su sa tambayoyi irin 10 − 4 + 3, waɗanda ke raba mai hadda da mai fahimta, su kuma ba da maki a kan kowane layi na aiki. Irin 8 ÷ 2(2 + 2) da aka yi ta gardama a kanta a intanet a 2019, wasu na cewa 16 wasu 1, rubutunta ne mai harshen damo, bai kamata a auna yaro da ita ba. Mu gwada "ƙa'idar sahu" a aji biyar da shida wannan zangon, wanda ya ga ta gaza ya kawo mana takardun yaran.