Wane mai ya dace da giyabos ɗin tsohuwar Volvo mai obadiraif?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum, masana. Volvo 244 ce ƙirar 1982, giya huɗu da maɓallin obadiraif (ƙarin giya mai sassauta wa inji a doguwar hanya) a kan sandar giya. Da safe in an danna maɓallin sai ta yi jinkiri sosai kafin ta shiga, in an kama hanyar Zariya mota ta yi zafi kuma sai ta fara dama-dama. Bakanike ya ce mai lamba 90 ne a ciki, wai a ƙara kauri zuwa 140 saboda zafin Kaduna. Akwai kuma Fijo 504 a gida, ita ma ana son a sauya mata. Mai ɗaya zai yi musu duka?

Injiniyan Kakuri:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a zuba 140 ɗin nan, 90 ɗin ma a zubar da shi.

Giyabos ɗinka M46 ne, wato giya huɗu da obadiraif ɗin Laycock samfurin J a bayansa, kuma mai ɗaya suke sha. Shi obadiraif ba haƙora kaɗai ba ne. Akwai ƙaramin famfo a ciki da shaf ɗin giya ke bugawa, yana tura mai ta ƙananan hanyoyi zuwa fistin biyu, su kuma su ja wani kuloci mai siffar mazurari da ke jiƙe cikin man. Mai kauri da sanyin safiya ba ya ratsa ragar tace mai da sauri, sai matsi ya daɗe bai taru ba. Jinkirin da kake gani ke nan, kuma shi ya sa take warwarewa in ta yi zafi.

Abin da Volvo ta rubuta wa M46 shi ne jan man giyar otomatik, ATF nau'in F ko G, lita 2.3. Nau'in F ba shi da sinadaran ƙara santsi, don haka kulocin yana kamawa da kyau.

Matsala ta biyu ita ce abin da ke cikin man 90 ɗin. Yawancin wanda ake sayarwa GL-5 ne, na aksil. An cika shi da sinadarin farar wuta da fosforos don haƙoran aksil masu gurzar juna da ƙarfi. Zobban sinkiro kuwa na tagulla ne, aikinsu su kama jikin giya su daidaita gudu kafin haƙori ya shiga. Man GL-5 yana shimfiɗa musu santsi, kuma da zafi yana cin tagullar a hankali. Alamar farko giya ta biyu ta fara ƙara "gurr" in an saka da sauri. In ka zubar da tsohon man ka haska shi a rana ka ga ƙyalƙyali ruwan zinare, zobban ne ke zuba.

Wajen aikin, a fara kwance fulogin zubawa na gefe kafin na ƙasa. Kansa ƙarami ne, yakan cije, in ka riga ka zubar da mai sannan ya ƙi kwancewa ka tsaya. A zubar da ɗumi. A kwance farantin da ke ƙarƙashin obadiraif, ƙusoshi shida ne, a fitar da raga a wanke da kananzir, a share ƙurar ƙarfen da ke kan maganaɗisu, a sa sabon gaskit. Ban da shafa silikon da yawa, ɗan guntunsa ɗaya ya isa ya toshe bawul. Mota ta tsaya daidai a kan rami, a zuba har ya fara dawowa ta ramin fulogi. A zaga da ita, a saka obadiraif a cire sau biyar ko shida, a dawo a sake dubawa, don sai an yi tafiya man ke cika ɓangaren baya.

Oga Mai Sifana:
Injiniya ya gama magana, amma ina da ƙari a kan nau'in F. Ba kowane shago a Panteka ke da shi ba, Dexron, wani nau'in jan man ATF, shi ne ya cika kasuwa. Dexron zai yi aiki, sai dai ya fi santsi, kuma jan mai siriri ne, a tsohon giyabos mai gajiyayyen sil zai nemi hanyar fita. A watan Maris da Afrilu ka ji beyarin yana kuka.

Obadiraif ɗin Laycock ai ya saba da baƙin mai. Motar Ingila MGB, 20W-50 na inji take sha a giyabos da obadiraif, Volvo ɗin da suka gabata masu giyabos M41 ma man inji ne. Don haka in nau'in F bai samu ba, 10W-40 ba zai cuce shi ba. Ni na fi son na babur mai tambarin JASO MA, saboda don kuloci mai zama cikin mai aka yi shi. Abin gudu shi ne duk man da ke da moli, wato sinadarin ƙara santsi, da waɗannan ƙananan gwangwanaye na "gyaran mai" masu kauri kamar zuma. Da zarar sun shiga fatar kulocin sai ya riƙa zamewa, kuma sauya mai sau ɗaya ba ya wanke su.

A kuma gane, lambar man giya da ta man inji ba mudu ɗaya ba ne. Man giya 90 kaurinsa kusan na man inji 40 zuwa 50 ne. Amma 140 wani abu ne daban, wannan sai aksil ɗin tifa.

Baban Fijo:
Ita 504 ba ta da wahala, Alhaji. Giyabos ɗinta mai giya huɗu, BA7, man inji yake sha tun asali, lita 1.15. Irin 20W-50 da kake zuba wa injin ya wadatar. GL-5 80W-90 a aksil ɗin baya kawai yake da gurbi. Masu tsohuwar 404 salun su yi hattara, aksil ɗinta mai "tsutsa" ne, wato shaf mai zare kamar na sukuru da ke juya babban haƙori na tagulla, kuma wasu man tsiro aka zuba musu tun farko, wanda ba ya haɗuwa da man ma'adini. Sai an wanke tas kafin a sauya.

Mai Land Rover da obadiraif ɗin Fairey kuma kada ya ɗauki shawarar Volvo. Nasa ba famfo a ciki, tulun mansa daban, 90 yake sha, GL-4, wato na giyabos ba na aksil ba.

Ɗan Rigasa:
Allah ya saka da alheri. To in an sauya man ba ta daina ba fa, ina za a duba?

Injiniyan Kakuri:
Ka lura da yadda take yi. In ba ta shiga sam, wuta ce galibi: fiyus, rile, wayar da ke bi ta cikin sandar giya wadda takan tsinke, ko makunnin da ke jikin giyabos. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, saka giya ta huɗu, danna maɓalli, a sa kunne kusa da solonoid, wato bawul ɗin lantarki da ke jikin obadiraif, ko zai yi "ƙas". In tana shiga da sanyi amma ta saki ko inji ya riƙa tashi a banza da zafi, matsi ne ke zurarewa: zobban roba na solonoid da na fistin sun bushe, ko mai ya yi ƙasa.

In kuma ta shiga ta ƙi fita, kada a saka ribas ko taku ɗaya. Akwai kuloci mai rola a ciki da ke juyawa gefe ɗaya kawai, ribas da obadiraif a ɗaure fasa shi yake yi har da gidansa. Makunnin giya ta huɗu shi ke hana hakan, don haka a duba ko wani bai taɓa haɗe wayoyinsa kai tsaye ba.