Shin takardar shaidar ƙwarewa tana da amfani ga mai wankin kafet a Abuja?

Mai wankin kafet, Kubwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ƙaramin kamfanin wankin kafet da kujerun falo a Kubwa, ni da yaran da nake koya wa aiki, kuma mafi yawan aikin da muke samu na gidaje ne da ƙananan ofisoshi tsakanin Kubwa, Gwarinpa da Dutsen Alhaji. A hannun maigidana na koyi sana'ar, kamar yadda yawancinmu muka koya, ban taɓa zama a aji dominta ba. Kwanan nan na nemi aikin wanke kafet na wani otal a cikin gari, sai manajan ya ce in kawo takardun kamfani, in haɗa da duk wata takarda da ke nuna cewa ni ko yarana mun samu horo, alhali takardar rajistar sunan kasuwanci ta CAC kaɗai gare ni.

Da na bincika a intanet, sai na ga cewa a Amurka akwai wata cibiya mai suna IICRC da ke horar da masu wankin kafet ta ba su shaida bayan jarrabawa, a Ingila ma akwai ƙungiya irin wannan, sai dai da dala ko fam ake biya, ga kuma kuɗin sabuntawa. Abin da nake so masu sani su warware mini shi ne, shin wannan takarda tana jawo aiki a garin nan har ta mayar da kuɗinta, ko kuwa gara in zuba kuɗin a injin tsotse ruwa mai ƙarfi, tunda wanda nake da shi ya fara gajiya? Idan kuma akwai takardar gida da ta fi dacewa da mu, ina roƙon a nuna mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Ma'aikaciyar sashen sayayya, Wuse

Wa'alaikumus salam, Malam. Aikina ya haɗa da duba takardun 'yan kwangilar share-share, don haka daga ɓangaren mai bayar da aiki zan yi magana. Takardun nan iri biyu ne, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Akwai waɗanda suke nuna matsayinka a gaban doka, akwai kuma waɗanda suke nuna abin da hannunka ya iya, na farkon ne kuwa ake fara nema. Idan ma'aikatar gwamnati ce, dokar sayayya ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar kula da sayayyar gwamnati, ita ake bi, kuma a tallan kwangila za ka ga ana jero takardar CAC, da shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka gabata, da takardun hukumar fansho (PenCom), da asusun inshorar ma'aikata (NSITF), da asusun horar da ma'aikata (ITF). Ka lura cewa takardar ITF da ake nufi a nan shaidar cika ƙa'idar gudummawar asusun horar da ma'aikata ce, ba shaidar cewa an koya maka wani aiki ba, domin na sha ganin wanda ya ɗauka ita ce takardar ƙwarewa.

Akwai kuma wadda masu wannan sana'a da yawa ba su san da ita ba, wato lasisin majalisar nan ta lafiyar muhalli, EHCON, wadda a da ake kira EHORECON, da aka kafa da dokar 2002. Ita ce ke yi wa ma'aikatan duba-gari rajista, kuma tana bai wa kamfanonin share-share da na feshin maganin ƙwari lasisi. Ni a ganina, kafin ka aika da dala ƙasar waje, wannan ya kamata ka fara bibiya, domin sunanta kan fito a sharuɗɗan kwangilar tsafta a nan gida.

Takardar waje kuwa tana da wurin da take tasiri, amma wurin ba shi da faɗi: manyan otal-otal masu alaƙa da kamfanonin ƙetare, ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, inda wanda ke duba takardun ya san sunan cibiyar. Ko a can ma, abin da na fi gani yana raba gardama shi ne wasiƙar shaida daga wuraren da ka taɓa yi wa aiki, da jerin magungunan wankin da kake amfani da su a rubuce, da kuma inshorar da za ta biya idan an yi ɓarna. Uwargida a Gwarinpa ba za ta tambaye ka satifiket ba, maƙwabciyarta za ta tambaya ko ka iya aiki.

Mai horon sana'ar, Jos

Hajiya ta yi bayani mai kyau a kan takarda a matsayin takarda, ni kuwa ina so in yi magana a kan abin da ke bayanta, domin a nan ne nake ganin ɗan'uwanmu zai ci riba ko da babu wanda ya taɓa neman ya ga shaidar. An kafa IICRC a 1972, hedikwatarta tana Las Vegas, kuma kwas ɗinta na wankin kafet na kwana biyu ne da jarrabawa a ƙarshe, an gina shi a kan kundin ƙa'idojinta mai lamba S100. Ta Ingila, NCCA, ta girme ta, tun 1968 take. Kwana biyu ba sa mai da mutum gwani, amma suna ba shi dalilin abubuwan da ya daɗe yana gani suna faruwa a hannunsa bai san musabbabinsu ba.

Abu na farko da ake koyarwa shi ne ka san zaren da ke gabanka kafin ka zuba masa komai. Ana ciro ɗan zare daga gefen da ba a gani a kusanta shi da wuta: ulu yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murƙushewa a yatsa, nailan kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Zaren roba mai araha da ake kira folifurofilin, wanda ake yin kafet ɗin ofisoshi da yawa da shi, yana tasowa saman ruwa idan aka jefa shi a kofi. Wannan bambanci ba ado ba ne. Bilic irin su Hypo da Jik ba ya cutar da folifurofilin sosai, amma yana cinye ulu har ya narkar da shi, kuma yana kashe launin nailan. Akwai kuma dardumar nan mai sheƙi da ake sayarwa da sunan siliki alhali fiskos ce, wato zaren da ake sarrafawa daga itace, wadda ƙarfin zarenta ke raguwa da zarar ta jiƙe, ta yi rawaya, gashinta ya kwanta ya ƙi tashi. Irin wannan ce ake shimfiɗawa a falukan Maitama da Asokoro, kuma kuɗin guda ɗaya yana iya cinye ribar watanni.

Abu na biyu shi ne ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kaifin maganin wanki. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita ɓangaren tsami ne, sama da ita ɓangaren kanwa da ruwan toka. Ulu yana son magani da ke kusa da tsakiya, shi ya sa a Ingila aka samu wata ƙungiya, WoolSafe, da aikinta shi ne gwada magunguna ta tantance waɗanda ba sa cutar da shi. Omon wanki da yawancinmu muke kaɗawa a bokiti yana can ɓangaren kanwa, yana iya sa rini ya zuba, kuma babbar illarsa ita ce kumfarsa ba ta fita duka. Abin da ya rage a cikin zaren yana da danƙo, yana kama ƙura, don haka mai gida zai ga kafet ya yi datti cikin 'yan makonni fiye da yadda yake kafin a wanke, musamman a hunturu, ya ce ba ka iya aiki ba, kuma da gaskiyarsa.

Na uku, kuma a nan ne tambayarka ta injin ta shigo, shi ne ruwa. Idan aka jiƙa kafet har ruwa ya kai bayansa, wanda bayansa na zaren algarara ne yakan tsuke, ya kuma fitar da wani launi ja-ja zuwa sama yayin da yake bushewa. Haka nan tabon da ya nutse ƙasa yakan biyo zaren ya hau sama da danshi, ka tafi ka bar wuri fes, washegari a kira ka a ce tabo ya dawo. Ƙa'idar ita ce kafet ya bushe cikin awanni, kada ya wuce yini da kwana, domin funfuna tana iya fara tsiro cikin awa 24 zuwa 48 a wuri mai laima. A hunturu iska tana rufa mana asiri, amma a watan Agusta, ko a Abuja ko a nan Jos da sanyi ya haɗu da ruwan sama, ɗakin otal da aka rufe tagoginsa ba zai yafe maka ba. Saboda haka ban ga injin da horon a matsayin kishiyoyin juna ba. Horon ne zai nuna maka cewa ƙarfin tsotsa da fankar busarwa sun fi ƙarfin feshi muhimmanci idan ka je saye. Akwai kuma batun lafiyar yaranka, domin haɗa bilic da maganin wankin masai mai tsami yana fitar da iskar kulorin mai guba, kuma wannan ba abu ne da ya kamata yaro ya koya ta hanyar shaƙa ba.

Dattijo a sana'ar, Garki

Ɗana na Kubwa, Allah ya yi wa neman albarka. Ban musa ko ɗaya daga abin da malamin Jos ya faɗa ba, sai dai ina so a sa abin a ma'auninsa. Darajar takardar nan a Amurka tana da tushe da mu ba mu da shi. A can, kamfanonin da ke saƙa kafet da yawa suna sharɗanta cewa garantinsu ba zai ci gaba ba sai an kira ƙwararre ya wanke da injin ruwan zafi duk wata 12 zuwa 18, an kuma ajiye rasit, wasu ma har suna ambaton mai shaidar IICRC. Mai gida a can yana neman mai takarda ne domin ya kare kuɗinsa. A nan kuwa mutum ya sayi kafet a Kasuwar Wuse, an auna masa an yanka, babu garantin da zai kare, don haka babu abin da zai tilasta masa ya biya ka fiye da abin da zai biya masu wankin mota da ke shanya dardumomi a kan katanga. Ilimin ka neme shi ta kowace hanya, amma kada ka yi tsammanin takardar za ta ba ka damar ƙara farashi a gidajen talakawa.

Sannan akwai abin da babu wani kwas na waje da zai koya maka, ga shi kuwa yana cikin aikin da ya fi yawa a hannunmu, wato kafet ɗin masallatai, musamman gab da azumi. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, hukuncin najasa ba ya gushewa sai da ruwa mai tsarki mai tsarkakewa, wanda sabulu ko wani abu bai canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba. Wanda ya yi wankin kumfa, ya goge ya bari ya bushe, ko da ya bi ƙa'idar littafin Turawa daga farko har ƙarshe, bai tsarkake wurin da yaro ya yi fitsari ba. Dole ne a bi wurin da ruwa zalla a ɗauraye, a tsotse, har alamar ta tafi, kuma yana da kyau ka tambayi ladan ko liman wuraren da abin ya shafa kafin ka fara. Kwamitin masallacin da ya ga ka san wannan zai kira ka kowace shekara, kuma cikin masu sallah a sahun nan akwai masu ofisoshi da masu otal.

Mai wankin kafet, Kubwa

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Hajiya da Malam. Abin da na fahimta shi ne in fara da takardun gida da injin, in bar ta waje zuwa lokacin da aikin otal ya fara shigowa. Saura tambaya ɗaya ga Malam na Jos: idan lokacin ya yi, ni ya kamata in yi kwas ɗin, ko babban yarona da ya fi ni Turanci da saurin karatu?

Mai horon sana'ar, Jos

Kai ya kamata ka yi, ko da zai zauna kusa da kai yana taimaka maka da karatun kafin ranar jarrabawa. Shaidar da sunan mutum take fita, ba da sunan kamfani ba, don haka ranar da yaron ya samu 'yancin kansa ya buɗe nasa wurin, da ita zai tafi. Shaidar kamfani daban take, kuma kafin a ba da ita ana neman inshora da aƙalla ma'aikaci ɗaya mai shaida a cikin kamfanin. Ana iya yin kwas ɗin ta intanet kai tsaye tare da malami, amma kafin ka biya ko sisi ka duba a shafin cibiyar ka tabbatar cewa makarantar tana cikin waɗanda ta amince da su, ka kuma lissafa kuɗin sabunta rajista na kowace shekara a cikin kasafinka, domin idan ka daina biya, sunanka zai fita daga jerin da manajan otal zai duba.