Zauren 'yan wasa na Maradi: wane RPG (wasan bidiyo da kake zama jarumin labari) ne ke barin mutum ya haɗa sulkensa yadda yake so?

Lawali Bagalam: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nike nema. Na gama Skyrim a kwamfutar yayana kuma abin da ya dame ni sulken kashi huɗu ne kawai, kwalkwali, riga haɗe da wando, safar hannu, takalmi, sai garkuwa idan ka so, zobe ma ɗaya tak. Ni ina son wasan da zan zauna in haɗa kayana ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar ba ta da ƙarfi sosai fa.

Mamman Zariya: Wa alaikumus salam ƙanena. Morrowind, kar ka tsaya neman wani. Kamfani ɗaya ne da Skyrim wato Bethesda, 2002 ya fito, duk tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. Can kafaɗar dama daban ta hagu daban, hannun dama daban na hagu daban, ga kwalkwali ga sulken ƙirji ga na cinya ga takalmi, takwas kenan garkuwa ta tara, kuma duk da haka kana sa riga da wando a ƙarƙashi ka ɗora alkyabba a sama, zobe biyu, laya, ɗamara. Za ka tsinci kafaɗa guda a wani kogo ka yi ta yawo da ita a hagu, dama kuma ta ƙarfe mai arha, har ranar da Allah ya haɗa ka da 'yar uwarta. Wallahi wannan daɗin babu shi a Skyrim. Ka sa shi da OpenMW, manhajar da ke kunna Morrowind ɗin, ya fi tafiya sumul, amma sai kana da fayilolin wasan na asali.

Isuhu: Yaya Mamman gaskiya ne amma ka faɗa mishi ɗaya gefen. Duk gurbin da aka ƙara wurin sa tsafi ne aka ƙara. A Oblivion na 2006 an riga an rage, sulke biyar da garkuwa, amma ka sa Chameleon, tsafin ɓacewa, kashi 20 a kaya biyar ya zama 100, shikenan ba wanda ke ganinka, kana saran dodo yana tsaye yana waige waige. To mi ya rage na wasa? Ni ina ganin gara su rage.

Mamman Zariya: To ai ka kawo hujjata da bakinka Isuhu. An rage kuma bai hana ba. Skyrim ma da aka rage fiye da haka, ka kai 100 a Enchanting, fasahar sa tsafi a kaya, ka sa ragin kashi 25 na ƙarfin da sihirin kai hari (Destruction) ke ci a kwalkwali da riga da zobe da laya, sihirinka ya koma kyauta kana ta watsa wuta ba abin da ke raguwa. Matsalar barin lissafin ya kai 100 ce, da sun tsayar da shi a 80 kamar yadda suka tsayar da kariyar sulke a Skyrim ɗin da ba wanda ya yi magana. A Morrowind kafaɗun nan tsafi kaɗan suke ɗauka, kuma tsafi mai dawwama sai ka kamo ruhi mai ƙarfin 400 irin na dodon da ake kira Golden Saint, ba abin da sabon shiga zai samu ba ne.

Hadiza: Ku dai ku ba yaro shawara kun koma musu. Lawali in kana da waya Android mai ɗan dama dama gwada Monster Hunter Freedom Unite na na'urar wasan hannu ta PSP a PPSSPP, manhajar da ke kunna wasanninta a waya. Kaya biyar ne, kai, ƙirji, hannu, ƙugu, ƙafa, amma kowane yana da maki kuma sai makin ya kai 10 fasahar ke tashi, wani kayan ya ba ka nan ya rage maka can har ya jawo maka illa. Ni da biro da kaye nike zama ina lissafi kafin in je wurin maƙeri. Ba ya cin koneksiyo ko kaɗan, ko an ɗauke wuta kana yi.

Lawali Bagalam: Anti Hadiza na gode, shi ma akwai labari kamar Skyrim?

Hadiza: A'a labarin kaɗan ne, farauta ce zalla, kuma farkonsa da wuya sai ka yi haƙuri.

Abdu Ali Dan Sofo: Ni a ganina waɗanda suka gane abin nan su ne kamfanin FromSoftware. Wasansu Elden Ring na 2022 gurbi huɗu ne kawai amma nauyi ke hukunci, ƙasa da kashi 30 na abin da kake iya ɗauka kana tsalle kamar ba komai, ƙasa da 70 daidai, ka wuce 70 mirginawarka ta yi nauyi kafin ka tashi an sare ka. Kamar masu lifidi a hawan sallar Sarkin Katsinan Maradi, mai lifidi ya tsaru amma ba shi za ka gani a sukuwa ba. Sai ka ga mutum ya cire safar hannu don ya samu ya sa ƙirji mai kauri, kowane zaɓi da abin da ka bari. Da za su raba kafaɗu biyu a tsarin nan ba abin da zai lalace tunda komai sai ka biya da nauyi. Sai dai kwamfutarka ba za ta ɗauka ba Lawali, sai PS4. Dark Souls na farko ka gwada ko zai tashi, can iyakar kashi 25 da 50 ce.

Isuhu: Abdu wannan na yarda. Amma inda ake karawa da mutane a intanet fa dole a matse, in ba haka ba kowa kaya iri ɗaya zai sa, wanda aka ce ya fi. World of Warcraft tun 2011 suka raba abin biyu, kama daban ƙarfi daban, ka sa mai ƙarfi ya fito da kamar wanda kake so. Ko Cyberpunk 2077 a 2023 sun cire yawancin kariya daga tufafi sun mai da ita cikin na'urorin jiki.

Mamman Zariya: Wancan na masu karawa ne, Lawali shi kaɗai yake wasansa a ɗaki ba wanda zai cuta. Kuma ni ban son rabawar nan, in na ga mutum da ƙarfe ina so ya zama ƙarfen ne ke tare masa sara.

Lawali Bagalam: To zan fara da Morrowind. Da Faransanci akwai shi?

Mamman Zariya: Akwai, amma karatu ne da yawa don maganganun rubutu ne, kuma ba kibiyar da ke nuna maka hanya. Kawo kwamfutar shago ranar Asabar bayan la'asar in saita maka OpenMW, ka taho da caja da linzami.