Takardun shago: NIU, RCCM da lanfo, ta ina zan fara?

Mai Shago Garwa:
Slm ƴan uwa. Dan Allah masu sani a taimaka min. Ina da shagon kayan masarufi a babbar kasuwar Garwa, shinkafa, sukari, mai, sabulu da sauransu, tikitin meri (ofishin magajin gari) kullum ina biya ba fashi. To wani kamfani ne yake so in riƙa kai musu kaya duk wata amma sun ce sai na kawo NIU da RCCM da wata takarda wai ta shaidar ba a bi na bashin lanfo, wato haraji, kuma faktir, wato takardar kuɗin kaya, suke so mai kan sarki ba rubutun hannu a kwali ba. Wani yaro ya ce in ba shi kuɗi da katin ɗan ƙasa zai fitar min da komai, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Ta ina ake farawa? Yarana biyu a shagon.

Ɗan Kasuwa 237:
Alhaji ni dai shawarata ka bar kaza cikin gashinta. Ranar da sunanka ya shiga na'urarsu shi ke nan ka zama saniyar tatsa, yau wannan ya zo gobe wancan. Iyayenmu da wace takarda suka yi fatauci har Legas da Bangi?

Kwantabul Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko kar ka ba kowa katinka, aikin bai kai nan ba. Tikitin meri kuɗin wurin zama ne kawai, ba shi ne lanfo ba, nan mutanenmu da yawa suke ruɗewa.

NIU lambarka ce a wajen ma'aikatar haraji, ana cirewa ta intanet a shafinsu na DGI da katin ɗan ƙasa da lambar waya, kuma yanzu ko asusun banki za ka buɗe sai sun tambaye ka ita. RCCM kuwa rajistar kasuwanci ce, a ofishin magatakardar kotu take, amma ba sai ka yi ta zagaye ba, akwai CFCE a nan Garwa, an buɗe ta ne don a haɗa maka takardun a ƙofa ɗaya. A rubuce awa 72 suka ce, kai dai ka tafi da haƙurinka. Ka riƙe kwafin kati, hotuna, zanen inda shagon yake, da takardar haya in ba naka ba ne.

Abin da za ka yanke tun a gida shi ne da sunanka za ka yi ko kamfani. In da sunanka ne, abin nan da ake ce wa etablisma, ya fi sauƙi da araha amma kai da shagon abu ɗaya ne a idon doka, bashi ya ci shago to gidanka da gonarka ma ba su tsira ba. SARL, wato kamfani, ita ce ke raba dukiyarka da ta kasuwanci, kuma tun dokar 2016 jarin farko ya sauko zuwa sefa 100,000, in jarin bai wuce miliyan ɗaya ba ma ba dole sai ka je wajen noter, mai tabbatar da takardu a hukumance, ba. Sai dai SARL tana son lissafi tsaf, ba a sa hannu a aljihun shago a yi cefane ba a rubuta ba, ni wanda na san ba zai iya wannan ba ba na ba shi shawararta.

Lanfo kuma cinikinka na shekara ne ke nuna ajinka, ciniki fa na ce ba riba ba. Da can ƙananan shaguna harajin da ake ce wa liberatuwar suke biya duk wata uku, dokar ƙarshen 2024 ta kawo wani sabon haraji mai suna IGS a madadinsa ga wanda cinikinsa bai kai miliyan 50 ba. Wanda ya wuce nan ya shiga babban aji, da TVA ɗinta, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, 19.25 cikin ɗari. Takardar shaidar rashin bashin lanfo da kamfanin ke nema sai ka biya abin da ake bin ka sannan na'ura take fitar da ita, kuma tana da wa'adi, ba a cire ta sau ɗaya a ajiye.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗan Kasuwa ka yi haƙuri ɗana amma maganarka ba haka take ba. Mu da muke zaune ba takarda mu aka fi tatsa, mutum ya shigo da jaka a hammata ya ce zai sa kwaɗo, ka damƙa masa abin da ya samu ba rasit ba komai, wata mai zuwa wani ya dawo. Ni tunda na gyara nawa na sa kwafinsu a leda na manna a bango, duk wanda ya zo sai in nuna masa da baki ina ci gaba da awon yadi. Kuma Alhaji ko sisi kar ka biya a hannu, ka biya inda za a ba ka kitansi, wato rasit, da sunanka a jiki.

Kwantabul Marwa:
Hajiya ta gama magana. Na manta zancen yaran, in albashi kake ba su to ma'aikata ne ko da ƴaƴan ƙanwarka ne, sai ka yi musu rajista a CNPS, asusun inshora da fansho na ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi a irin aikinmu sefa 60,000 ne tun 2023. Na san a kasuwa tsarin ubangida da yaro muke yi, a ci a sha bayan shekaru a sallame shi da jari, amma ran da buhu ya karya yaro ko kuka ɓata ya kai ƙara wajen sufeton aiki ba wanda zai saurari zancen sallama. Faktir da littafin ciniki ma a adana, dokar OHADA, ƙungiyar ƙasashen da ke bin dokar kasuwanci ɗaya, shekara 10 ta ce.

Na Kuseri:
Ƙarin bayani ga masu tsallaka gadar Ngeli zuwa Cadi. Kamaru da Cadi duk suna cikin ƙasashe 17 na OHADA shi ya sa RCCM da SARL tsarinsu ɗaya ne, amma haraji kowa da nasa, a Njamena NIF suke cewa ba NIU ba, ofishin buɗe kamfani kuma ANIE. Takardar Garwa ba za ta buɗe maka shago a can ba.

Mai Shago Garwa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya na gode, malam Kwantabul na gode. Da sunana zan fara tukuna. Sai dai hayar shagon da baki muka yi da mai wurin tun zamanin mahaifina, yanzu in na ce masa mu rubuta kar ya ga kamar na daina yarda da shi ne. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?