Koyar da tarihin mashahurai masu suna ɗaya

Malaman da suka tattauna kan koyar da tarihin mutanen da aka fi sani da suna guda kawai sun fi nanata a raba suna da sarauta. Fir'auna laƙabi ne, haka ma Askiya, don haka a riƙa cewa Askiya Muhammadu na daular Songhai, wanda ya hau mulki a 1493. Rumfa ma sunansa Muhammadu, ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Shawarar da ta fi kwanta mini a rai ita ce a kai yara Ƙofar Kudu su ga Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, da idonsu. Bayajidda kuwa, aka ce a gaya wa ɗalibai labarinsa na baka ne, kada a ƙaƙaba masa shekara.