Shawarwari ga mai son yin jawabi a taron fasaha

Wasu matasa masu harkar manhaja a Kano sun tattauna kan yadda mutum zai gwanance da jawabi a taro irin DevFest, wanda ƙungiyoyin masu haɗa manhaja da fasahar Google, wato GDG, ke shiryawa duk shekara.

Yawancinsu sun ce a fara da ƙaramin zama, minti 5 ko 10 gaban abokan karatu a Jami'ar Bayero (BUK), kafin a nemi babban zaure. Maudu'i kuwa, ka ɗauki matsala ɗaya da ka warware da hannunka, komai ƙanƙantarta.

Sun daɗe suna magana kan haɗarin gwada manhaja kai tsaye gaban jama'a, kuma da gaskiyarsu. Ana iya ɗauke wuta, intanet ya tsaya cak, ko wayar majigi ta ƙi shiga kwamfutarka. Don haka ka naɗi bidiyon gwajin tun daga gida, ka zuba a filashi, ka taho da adafta a aljihu. Rubutun allo ya zama manya-manya saboda na layin baya.

Batun harshe ne ya raba kawuna. Wasu suka ce Turanci zalla, wasu suka ce a warware wurare masu wuya da Hausa. Ni dai ina bayan na biyun, musamman idan ɗalibai ne suka cika zauren.