Me ya sa kowane lemon kwalba sunansa "coke" a Atlanta?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum. Ban daɗe da zuwa karatu Atlanta ba. Shekaranjiya a wani gidan abinci na ce a ba ni coke, sai mai kawo abincin ta tsaya da biro a hannu ta ce, wane iri? Ta shiga lissafo min Sprite, Fanta, Dr Pepper. Abokiyar ɗakina 'yar Michigan "pop" take cewa, malaminmu ɗan New York kuma "soda". Ƙasa ɗaya, Turanci ɗaya, daga ina wannan rabuwar ta samo asali? Waɗanda suka riga mu zuwa a taimaka.

Baba Mai Tasi, Chicago:
Wa alaikumus salam 'yata. Ai gidansu kika je. A nan Atlanta wani mai haɗa magunguna, John Pemberton, ya ƙirƙiro Coca-Cola a 1886, aka fara sayar da shi a kantin magani, kofi ɗaya senti 5. Ya mamaye Kudu har sunansa ya haɗiye na sauran, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a wurinmu. Rabin sunan ma namu ne, domin "cola" ɗin goro ne.

Mu nan tsakiyar ƙasar "pop" muke ji, daga ƙarar da kwalba ke yi in an ɓalle murfinta. "Soda" na mutanen gabas ne da California. Amma Milwaukee da ke nan kusa da mu, da St. Louis, su ma soda suke cewa. Fasinja yana buɗe baki nake gane inda ya taso.

Maman Sadik, New Orleans:
Baba ya gama da lemo, ni bari in ja ki wajen abinci, ƙanwata, nan ne labarin ya fi daɗi. Dogon burodin nan da ake tsagawa a cusa nama da ganye, a Philadelphia "hoagie" ne, a New York "hero", a wajen Boston wasu na cewa "grinder". Mu nan "po' boy". Labarin da garin nan ya riƙe shi ne, a 1929 ma'aikatan taragon cikin gari suka shiga yajin aiki. Wasu 'yan'uwa biyu, Bennie da Clovis Martin, waɗanda su ma tsoffin kwandastoci ne kafin su buɗe shagon abinci, suka riƙa ciyar da masu yajin kyauta. Duk wanda ya shigo sai a ce ga wani "poor boy" nan, wato yaron talaka. Sunan ya bi burodin. Yau ana cika shi da soyayyen jatan lande, kuma kuɗinsa ba na talaka ba ne.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne gumbo. Miya ce mai kauri da ake zubawa a kan shinkafa, kuma mafi yawan masana sun ce sunan daga kalmar kuɓewa ya fito a harsunan Bantu na yankin Angola. Bayin da aka kwaso ne suka zo da ita a bakinsu. Haka "goober", da tsofaffin Georgia ke kiran gyaɗa, daga "nguba" ne na Kongo. A Charleston kuma riɗi sunansa "benne", daga harsunan Senegambiya, har biskit ake yi da shi ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Bature zai ce miki abincin kakarsa ne, bai san da yaren da yake magana ba.

Sai dai ki tambaya kafin ki ci gumbo a waje. Yawanci akwai tsiran alade da suke kira andouille a ciki, an yanka shi ƙanana. Ki nemi na kifi da kaguwa zalla, shi ma ki sake tambaya.

Ummu Hanan:
Na gode Baba, na gode Anti, Allah ya saka. To "Buffalo wings" fa? Ɓauna dai ba ta da fiffike.

Sani Injiniya:
Haba Hajiya, kaza ce. Buffalo gari ne a jihar New York, kusa da iyakar Kanada. Wata mata, Teressa Bellissimo, ake danganta wa fara soya fukafukan da yaji da man shanu a 1964. Ki ce a sa miki mai zafin sosai, domin abin da suke kira matsakaici ko yaro ba zai nemi ruwa ba.